Tarihin da Za Ki Koya wa Jikokina

Birnin Kebbi,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, da maigidanki Malam Nasiru, da jikokina Aminu da Safiya. Ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya a Gwadangaji kuna tsakiyar ɗaure kaya. Allah ya kai ku inda aka tura shi lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Ranar Juma'a kin zo kin ajiye mini abu uku a kan tabarma: littafin firamare na gwamnati mai bango ruwan ƙasa, da kaset huɗu na wani matashin malami da ake sayarwa a bakin kasuwa, da ɗan koren littafin nan na tarihin sabuwar jiharmu. Kika ce gonar gwaji da aka mayar da Nasiru tana cikin daji, makaranta ta yi wa ƙananan yara nisa, don haka ke za ki koyar da su a gida. Karatu da lissafi da Alƙur'ani ba su dame ki ba, tunda kina da takardar malanta. Tarihi ne kika ce in zaɓar miki wanda za ki bi. Na ce miki bari in duba, na ga ranki bai so ba, kin zaci ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ɗauke ta. Nasiru ne yana zaune, kuma akwai maganar da mutum ba ya iya yi a gaban surukinsa.

Na duba su duka, Kulu, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ba don na fi masu su ilimi ba. Kowanne daga cikinsu na taɓa faɗawa raminsa da ƙafata, shi ya sa nake gane bakin ramin tun daga nesa.

Bari in fara da kaset. Na ari rediyon yayanki Sani na saurare su daga farko har ƙarshe. Yaron yana da murya, ya yi karatu, bai karya aya ko ɗaya ba. Amma duk lokacin da ya zo kan yaƙin da aka yi a ƙasar nan, ba ya cewa Kabawa. Sai ya ce "waɗancan", yana jan kalmar kamar mai tofar da yawu. Da na kai kaset na uku sai da na kashe na ɗan zauna, domin muryata nake ji, ta lokacin da nake da shekarunsa.

Kin san gidanmu gidan malamai ne. Kakannina suna cikin waɗanda suka zo garin nan daga wajen Gwandu a zamanin jihadi. Innarki kuwa Bakabiya ce, 'yar Argungu. Kakanninta ne suka rasa garin nan, suka koma can suka kafa nasu, aka yi ta gwabzawa da namu shekara da shekaru. Mahaifina ya ba ni labarin ta fuska ɗaya: mu ne masu gaskiya, su ne masu taurin kai. Haka na karɓa, haka kuma na zuba wa Sani tun bai iya ɗaure wando ba.

Da aka haife ki, kakarki Ige, mahaifiyar innarki, ta zo daga Argungu don ta kula da jego. Tsohuwa ce doguwa mai tsagen Kabawa har wuya, ba ta wasa da salla, kuma bakinta cike yake da labari. Kullum bayan la'asar takan zauna gindin darbejiya tana tsintar shinkafa, Sani yana gefenta, lokacin yana ɗan shekara bakwai. Tana ba shi labarin ganuwar duwatsu ta Surame, da yadda masunta ke shiga ruwa da homar kamun kifi da gora, da yadda kakarta ta tsere daga garin nan da irin shinkafa ƙulle a bakin zanenta, don kada su je sabon wuri babu abin shukawa.

Wata rana tana cikin wannan labarin sai Sani ya ce, "Kaka, ai don ku arna ne anka kore ku."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Wa ya hwaɗa maka hakanga?"

"Baba yac ce."

Ta ƙarasa tsintar shinkafarta, ta kaɗe faifai, ta tashi ta yi alwalar magariba. Ta cika kwana arba'in ɗinta, ta koma gida. Bayan nan ta sha zuwa, tana kawo muku kifi busasshe da ƙuli, tana goya ki, tana yi muku wasa. Amma ba ta ƙara ba wa ɗana ko ɗaya labari ba har ta rasu. In Sani ya roƙe ta sai ta ce, "Tahi wurin babanka, shi a da littahi." Abin da ta sani ta tafi da shi. Ke ba ki samu ko guda ba.

A nan da farko na rubuta cewa ina cikin ɗaki lokacin da abin ya faru, daga baya aka gaya mini. Da safen nan na karanta wa innarki, ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, ba ɗaki kake ba. Bakin ƙohwa kake zaune, kuma dariya ka yi." Gaskiyarta. Na yi dariya, don na ga yaro ya riƙe karatu. Na bar miki wannan a takarda don ki ga yadda mutum ke gyara tarihin kansa tawada ba ta ko bushe ba. In mahaifinki zai yi haka a kan abin da ya faru a tsakar gidansa, me kike zaton wanda ke ba da labarin yaƙin da bai gani ba?

Saboda haka kada ki kunna wa Aminu da Safiya kaset ɗin nan. Jinin ɓangarorin biyu ne a jikinsu. Ban ce ki ɓoye musu cewa an yi yaƙi ba, an yi, kuma malaman da suka jagorance shi sun bar mana ilimin da muke alfahari da shi. Amma yaro ɗan shekara shida ba ya jin hujja, murya yake ji. Zai ɗauki raini tun kafin ya ɗauki ma'ana. Kuma kaset ba a yi masa tambaya. Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai: na je wurin mai sayarwa, na tarar kaset ɗin malamin ya fi wanda ba a ɗauki komai a cikinsa ba araha. Na ce yaya haka? Ya ce shi dai kawo masa ake yi. Na ce wa ke kawowa? Ya ce bai san sunansa ba. Abin da wani ya ɓoye fuskarsa ya ɗauki nauyinsa don ya shiga kunnen 'ya'yan mutane, ni ban saki jiki da shi ba.

Littafin gwamnati kuwa na fi kowa saninsa, da irinsa na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Bayan abin da ya faru da kakarki na ji kunya, sai na ce daga yau ba ruwana da labarin gida, abin da ke cikin littafin makaranta shi kaɗai zan koyar, tunda shi ba ya goyon bayan kowa. Haka na zata.

Ko kin tuna ranar rabon kyaututtuka, kina aji uku? Ni na sa ki haddace jerin ƙasashen Hausa bakwai da sauran bakwai ɗin da littafi ya kira banza. Mako biyu ina tsare ki da bulala a hannu. Kika tsaya gaban iyaye da baƙi kika zuba su ba tuntuɓe, aka tafa, aka ba ki sabulu da fensir. Muna komawa gida a kan keke, kina zaune a bayana, sai na ji kin ja rigata.

"Baba, Kabi ɗin da ke cikin banza bakwai, ita ce tamu?"

Na ce ita ce.

"To mu banza ne?"

Na ce, "Rufe mini baki. Haka littafi ya ce, haka za ki rubuta in an tambaye ki."

Kika saki rigata. Ban sani ba ko kin tuna, amma ni na lura daga ranar kin daina yi mini tambaya a kan karatu. Kina haddacewa, kina cin jarrabawa, shi ke nan. Gaskiyar magana ita ce ban san amsar ba. Ban san wa ya fara raba ƙasashen haka ba, ban san a wane gari yake zaune ba, ban san me ya sa nasa garin ya faɗa cikin na kirki namu ya faɗa cikin na banza ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na daka miki tsawa. Hedimasta ne ni, ina ganin faɗin haka zai rage ni.

Na buɗe wanda kika kawo, na ga jerin yana nan yadda na bar shi. Waɗanda suka rubuta shi ba mugaye ba ne, amma daga nesa suke hango mu. Duk ƙasar Kabi layi uku aka ba ta. Babu fadama, babu shinkafa, babu gulbi. Ki tafi da shi, domin wata rana yaran za su shiga makaranta, kuma daga cikinsa za a yi musu jarrabawa. Amma ki riƙe shi kamar yadda ake riƙe baƙon da ba a san halinsa ba: a ba shi wurin zama, kada a ba shi makullin ɗaki. In kin karanta musu shafi, ki rufe ki ce, "Wannan mutumin haka ya ce. Ku me kuka gani?" In sun tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, za ki tambayo. Ba za su raina ki ba. Ni da na ƙi faɗa, me na samu?

In da ni ne ke, da ba da littafi zan fara ba sam. Safiya shekararta biyar, me ta sani game da daula? Ki fara da sunayen kakanninsu, na nan da na Argungu da na wajen Nasiru a Augie, wa ya haifi wa, me yake nomawa, me ya kawo shi inda ya zauna. Ki sa su zana gulbi a ƙasa da tsinke, su ɗora tsakuwa a inda kowane gari yake. Kafin ku tashi ki zauna da innarki yini guda da littafin rubutu. Ta ji wasu labaran daga bakin mahaifiyarta tun tana yarinya, ba ta taɓa ba ni su ba, kuma ban ga laifinta ba. Ke za ta ba ki. In kun isa can, mutanen wurin ma suna da nasu tarihin, kuma wataƙila a cikinsa mu Hausawa ba mu fito da kyau ba. Ki nemi tsofaffinsu mata ki gaishe su, ki saurara, kada ki yi gardama. Duk labarin da ya zo miki, ki tambayi kanki wa ya faɗe shi, kuma wa aka bari ba a tambaya ba.

Saura koren littafi. Na bar shi ƙarshe don shi ya fi yi mini nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa na kasa magana ranar Juma'a.

Na san shi kika fi so. Da Hausa yake, yana da hotuna, an yi shi don yara, kuma a shafi na biyu an rubuta cewa ni na duba shi na amince. Na ga yadda kika buɗe wurin kina murmushi. Kulu, ban duba shi ba.

Ga yadda aka yi. Watanni kaɗan bayan an ba mu jiha, gari ya cika da murna da baƙin ma'aikata, kowa yana neman abin da zai yi a san da shi. Sai ga Malam Labbo, wani tsohon ɗalibina da ya koma harkar buga takardu, ya zo mini da sallama. Ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Malam, yanzu muna da jiha tamu, bai kamata ɗiyanmu su riƙa karanta tarihin wasu ba. Muna son littahi na yara, kuma duk garin ga ba wanda za a yarda da shi kamar kai." Maganar ta yi mini daɗi. Mutumin da ya yi ritaya, wanda aka daina sallama a ƙofarsa, ba ya da wuyar kamawa.

Ya ce in rubuta babi ɗaya. Na zaɓi na manoman fadama da masunta, ina ganin ko ba komai zan rage wani abu daga laifina na baya. Na hau mota na je Argungu sau uku, na zauna da tsofaffi a bakin ruwa, na rubuta abin da suka ce da sunayen unguwanninsu. Na ba Labbo. Na ce ina son ganin sauran babobin kafin a buga. Ya ce ai dole. Bayan mako biyu ya dawo, ba da babobi ba, da babbar riga fara mai aiki, a naɗe cikin takarda. Ya ce Alhaji ne ya aiko a gaishe ni, shi ya ɗauki nauyin bugawa. Kin san Alhajin da nake nufi, ɗan kwangilar nan, ba sai na rubuta sunansa ba. Ya ce injin yana jira, in sa hannu a takardar amincewa, babobin za su biyo baya. Raina ya ɗan yi mini wani iri. Na dubi rigar, na dubi Labbo yana ta murmushi, na sa hannu.

Ban ga littafin ba sai da ya fito kasuwa. Babina babu shi, an mayar da shi hoton mutum ɗaya riƙe da kifi. Yaƙin da aka yi shekara da shekaru an kira shi ɗan saɓani tsakanin 'yan'uwa, wai don kada a ɓata haɗin kan sabuwar jiha. Sannan shafi huɗu cur a kan kakan Alhaji, wai jarumi ne da ya tsare ƙofar gari shi kaɗai. Duk tsohon da ke garin nan ya san kakan Alhaji. Da jakuna ya zo yana fataucin gishiri, bayan Turawa sun riga sun zauna. Mutumin kirki ne, sana'arsa halal ce, ba abin kunya a cikinta. Amma bai taɓa riƙe mashi ba.

Na je na sami Labbo a shagonsa. Na ce, "Labbo, mi a wanga?"

Ya ce, "Malam, don yara anka yi shi. Mi sunka sani?"

Na ce, "Don ba su sani ba shi ya sa ba a yi musu ƙarya."

Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi, kuma ai ba wanda aka zaga a ciki. Gaskiya ne, ba a zagi kowa ba. Shi ya sa nake ganin ya fi kaset haɗari. Mai zagi ana jin sa a kauce. Wannan kuwa da fara'a yake shigowa, da hoto mai launi, da sunan kakansu a shafi na biyu. In Aminu ya karanta, zai ce ai Kaka Malam ya amince.

Na dawo gida na yi shiru, yau kusan shekara. Na sa rigar sau ɗaya, ranar Idi, na ji kamar kowa a filin ni yake kallo. Na gaya wa kaina littafin zai mutu da kansa. Sai ga shi ɗiyata ta ɗauko shi ta ajiye a gabana, tana son ta koya wa jikokina.

Na san Alhaji ne ya ba Nasiru littafin da hannunsa, na kuma san shi ya yi masa magana har aka ba shi wannan matsayin. Don haka ki bi a hankali. Kada ki ce wa mijinki ubangidansa maƙaryaci ne, kada ki yar da littafin a gabansa. Nasiru yaron kirki ne, bai san komai a kan wannan ba. In kun natsu a can, ki zaɓi ranar da ransa ke sanyi ki ba shi takardar nan ya karanta da kansa. Gara ya ji daga gare ni cewa ni na yi kuskure, da ya ji daga gare ki cewa an ruɗe shi. In ya ce a ajiye littafin a gida don kunyar Alhaji, a ajiye, a can ƙasan akwati. Amma kada ya shiga hannun yaran sai sun kai shekarun da za ki iya buɗe musu shi ki nuna musu inda aka yi ƙarin, da inda aka yi ragin, da sunan wanda ya sa hannu bai karanta ba. Kada ki tsallake wannan na ƙarshen don kina jin nauyina.

Shekaranjiya Labbo ya aiko cewa za a sake bugawa da yawa, ana neman a shigar da shi makarantu, suna son sabon sa hannuna. Jiya na sa innarki ta ciro rigar, an wanke an goge, na naɗe ta cikin takarda. Na rubuta wasiƙa gajera cewa a cire sunana, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa masa. Na so in kai yau, innarki ta ce in dakata sai motarku ta tashi ranar Alhamis, Nasiru ya kama aikinsa, kada fushin ya sauka a kansa. Na ga hankali a maganarta. Saboda haka ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu, zan ɗauki sandata in tafi gidan Alhaji da ƙafata. Ban san yadda za a karɓe ni ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. In kin idar da sallar walha ranar, ki sa mahaifinki a addu'a.

Allah ya yi miki albarka, Kulu. Allah ya sa ki fi ni gaskiya a gaban 'ya'yanki. Allah ya raya Aminu da Safiya bisa imani, ya ba su zuciyar da ba ta raina kowa da kunnen da ba ya karɓar kowace magana. Allah ya tsare ku a mota, ya tsare ku a masauki, ya kare ku daga ciwo da sharrin mutum, ya maido mana da ku lafiya muna raye. Innarki tana gaishe ku, ta ce ki zo gobe da wuri, kuma ki zo da biro biyu.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Haruna